Kalmar Da Na Cire Daga Bakin Baffa

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowa zai tattara. Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina rarrafe, ya koma ranar wata Talata ana tsakiyar karyar masara. Ina wannan rubutu ina tsoron in ƙara masa abin da bai yi ba, amma na fi tsoron in rage, domin na taɓa ragewa.

Kwana uku ƙofar gidanmu ba ta rabu da jama'a ba, kuma kowa da Baffan da ya sani. Mai unguwa ya ce an rasa mai raba rigimar gona, don shi kaɗai ya san inda kowace tsohuwar iyaka ta bi. Masu haƙar rijiya suka ce yakan murza ƙasa a tafin hannu ya faɗi gaba nawa za a yi kafin a tarar da ruwa. Inna, matarsa, ba ta ɗaga murya ba. Abin da take ta maimaitawa kawai shi ne, "Ga hularsa can a kan turmi, wa zai ɗauke?" Danginmu na ƙauyen bayan dutse, waɗanda har yau Maguzawa ne, su ma sun zo, suka zauna gefe guda a gindin darbejiya. Ni na kai musu ruwa da hannuna, amma na kama kaina ina waige ko abokan sallata suna kallo. Na haura sittin, ana makokin wanda ya rene ni, ga ni ina waige.

Ranar sadakar uku sai ga mota daga jami'a. Wani tsohon Farfesa ya fito yana dogara sanda, ɗaya daga cikin malaman nan masu tonon kayan mutanen da. Ya zauna kusa da ni a tabarma.

"Malam Ladan, ashe mun yi rashi. Ya haƙuri?"

"Da godiya, ranka ya daɗe."

Bayan an shafa addu'a ya juya ga jama'a ya ce, "Mun yi shekaru muna taro muna gardama a kan tukunya guda, takardar wannan bawan Allah ce ta raba mu. Taron bana da sunansa za mu buɗe shi." Ya dafa gwiwata. "Kai ka rubuta masa ita da hannunka. Kai muke so ka tsaya ka sake karanta ta."

Jama'a suka ce madalla. Ni ma na ce Allah Ya kai mu. Akwai ƙarya a takardar nan, kuma ba Baffa ya sa ta ba.

Baffa ya musulunta yana da 'ya'ya biyu, shi da Inna rana ɗaya, mahaifina ya bi bayansa. Kakanmu kuwa a kan abin da ya gada ya mutu. Ban taɓa ganin Baffa ya yi wasa da salla ba, kuma ban taɓa jin ya ɓoye ubansa ba. In aka ci mutuncin Maguzawa a majalisa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "A hankali dai. Dawar da ta gina ƙashin nan, Bamaguje ne ya noma ta."

Ba ya wuce tsingaro a hanya. Sai ya duƙa ya ɗauka, ya tofa masa miyau, ya goge da babban yatsa ya dubi zanen da ke jiki. Aljihunsa kullum a yage. Inna takan ce, "Mazan mutane su shigo da nama, kai ka shigo mana da fasassun tukwanen matattu." Shi kuma ya ce, "Ai su ma nama suka ci a ciki."

Da na faɗi jarrabawar wucewa gaba da firamare, kwana biyu ban fita ba don kunya. Ya same ni a bayan rumbu ya miƙo mini tsinke ya ce in rubuta sunan kakanmu a ƙasa. Na rubuta. Ya daɗe yana kallo, ko harafi ɗaya bai sani ba, sannan ya ce, "To me ya rage? Wanda ya iya rubuta sunan kakansa ai ya yi karatu."

Yadda ya haɗu da mutanen jami'a kuwa, garmar shanu ce ta tono bakin wata tukunya a tsohon kufai bayan gonarmu. Labari ya kai musu, da rani suka zo da igiya da turaku da rariya da cokalin magina, suka ɗauki mutanen ƙauye aiki. Ba a yi mako ba Baffa ya zama shugaban masu tono, saboda da launin ƙasa kawai yake gane inda tsohon daɓe ya fara. A gindin kututturen wata tsamiya suka ci karo da tukunyar da ta zama abin magana. A kife take, da huda uku a gindinta. Ranar Baffa ya ajiye cokalinsa ya ce bayansa na ciwo, ya tafi gida. Ba wanda ya tambaye shi ko ya san ta, shi kuma bai ce komai ba.

A lokacin Farfesa ƙaramin malami ne. Shi da abokansa sun gaji da taron manyansu, inda kowa zai tashi ya faɗi faɗin bakin tukunyar da ya tono ya koma ya zauna. Sai suka kafa nasu taron, ba don nuna abin da aka tono ba, a'a, don a yi gardama a kan yadda mutum zai san ma'anar abin da ya tono. Na farkon a aji aka yi shi, a kan kujerun ɗalibai, kuma da Baffa aka tafi don ya kula da akwatunan tsingaro. Daga baya ya zama na shekara-shekara, bana wannan jami'a, baɗi waccan, kuma ba a fasa aiko wa Baffa takardar gayyata ba. Yana son taron nan kamar me. Babbar rigarsa guda ɗaya, saboda shi ake wanke ta a buga. In ya dawo majalisa ta samu abin dariya na wata guda. "Wallahi na ga manya masu gemu sun kusa dambe a kan tukunyar da ba miya a ciki."

Kashi biyu suka rabu. Farfesa da mutanensa suna cewa mutanen da kamar mu suke, ciki suka fara yi wa aiki, don haka kowane abu a fara neman amfaninsa a murhu ko a gona. Baffa ya sa wa Farfesa suna Mai Murhu. Ɗaya ɓangaren kuma wani gajeren malami ne mai tabarau, mai i'ina, wanda ke cewa ɗan Adam ba da ciki kaɗai yake rayuwa ba, yana da abin da yake tsoro da abin da yake roƙo, saboda haka a dubi inda aka ajiye abu da yadda aka ajiye shi. Shi kuma Baffa ya sa masa Mai Iskoki. Mai Murhu ya ce tukunyar nan madambaci ce. Mai Iskoki ya ce wace mace ce za ta yi dambu da huda uku, a gindin itace, nesa da murhu? Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, ɗalibansu ma suka gaji faɗan. Baffa yakan ce, "Ƙasa ba ta ƙarya, amma bebiya ce. Masu yi mata tafinta su ne abin tsoro."

Wata shekara wata ɗaliba ta tashi a tsakiyar taro ta ce abin kunya ne a yi ta gardama a kan kayan mutane, jikokinsu na zaune a bayan ɗaki ba a tambaye su ba. Maganarta ta yi tasiri. Aka yanke cewa masu tono na ƙauyuka su ma su ba da bayaninsu a rubuce, a buga a littafin taron.

Wurina Baffa ya zo. Na haura talatin a lokacin, ni ke rubuta wa ƙauye wasiƙa, kuma ba a daɗe da ba ni ladancin masallacin unguwa ba. Mako guda kafin nan wani tela da ya so ladancin ya ce a majalisa, "Ashe yanzu jikan masu giya ne zai riƙa tashin mu salla." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma ranar tuwo bai wuce mini ba.

Bayan la'asar muka zauna a zaure. Baffa ya ce, "Rubuta. Tukunyar nan tukunyar kan gida ce."

Ga wanda bai sani ba, kan gida shi ne iskan da kowane gidan Maguzawa yake riƙe da shi a matsayin mai tsaron zuriyarsu.

"Na ga ubana ya kife irinta a gindin tsamiya. Ta hudojin nan ake zuba wa kan gida rabonsa in an gama girbi. Ban ce daidai ba ne, na ce haka aka yi. Kuma ka rubuta ubana, kada ka rubuta wani mutum."

Na rubuta duk yadda ya faɗa. Sai da na zo sake kwafewa a takarda mai tsabta, na tuna za a buga wannan a littafi da sunan ƙauyenmu, kuma ɗan telan nan yana makaranta a birni. Alƙalamina ya tsallake kalma ɗaya. Na rubuta, "Tukunyar gida ce." Da yake ƙarya ba ta tsayuwa ita kaɗai, sai na cire tsamiyar, na cire rabon girbin, na bar, "Na ga irinta wurin ubana." Na yi ta gaya wa kaina ai ban ƙirƙiri komai ba, ragewa kawai na yi. Da magariba sau biyu na sake alwala, ban san abin da nake wankewa ba. Washegari Baffa ya dangwala yatsa a ƙasan takardar, bai ce in karanta masa ba.

Ni na raka shi taron shekarar. Ya girma sosai, babban ɗaki ne da fankoki da lasifika. Wani ɗalibi ya karanta bayanin Baffa da Hausa, sannan da Turanci. Mutanen Mai Murhu suka ɗauki tafi. Baffa bai iya karatu ba, amma kunnensa ras yake. Ya juyo a hankali ya dube ni. Ban taɓa ganin ƙafafuna da kyau irin na ranar ba.

Mai Iskoki ya miƙe. "Ba-Baba, don Allah, tu-tukunyar gida kawai ka ce? A kife fa muka same ta."

Baffa ya tashi ya gyara rigarsa ya ce, "Malam, ni ban yi karatu ba. Wanda ya rubuta ɗana ne, ni na rene shi." Ya koma ya zauna.

Suka ɗauka ya tabbatar. Mai Murhu ya ce, "To, ashe iskoki dambu suke ci," ɗaki ya kece da dariya. Mai Iskoki ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Muka iso tashar Funtua a hanyarmu ta komawa gida. Muna zaune a benci muna jiran motar Malumfashi ta cika, sai ya ce, "Ladan, kai ka fi ni sanin addini. Mai shaidar zur, alwala nawa ke wanke shi?"

Kunya ta juye mini ta zama fushi. Na ce, "Baffa, kai ka tsufa, ba abin da za ka rasa. Ni ne zan zauna da mutanen nan."

"Da ka ce mini ba za ka rubuta ba, ai da na nemi wani. Ka bar ni na dangwala yatsa a kan an kori ubana."

"To me ya hana ka faɗa musu a can?"

"In tona ka a gaban baƙi? Ni a kufai nake tono, ba a gidana ba." Ya kakkaɓe hularsa. "Kai ka binne, kai za ka tono."

Daga nan bai sake zuwa taron ba. Kowace shekara takardar gayyata za ta zo, in karanta masa, ya ce, "Rubuta musu ba zan samu zuwa ba. Wannan dai ka iya rubuta shi daidai ko?" Babbar rigar ta koma ta Idi kawai. Ɗalibai suka ci gaba da zuwa, da farko da rakoda, daga baya da waya. Yakan zaunar da su ya koya musu bambancin toka da ruɓaɓɓen daɓe, ya sa Inna ta dama musu fura. Amma da an ambaci tukunyar sai ya ce, "Ku tambayi Ladan." Ni kuma in dubi rana in ce lokacin kiran salla ya yi. Taron ya yi wasu shekaru bai zauna ba lokacin da hanyoyi suka lalace da rashin tsaro, sannan ya dawo. Na ji an ce bayanin Baffa ya shiga abin da ake koyar da ɗalibai. Na kuma ji an ce Mai Iskoki yana zuwa, amma ya daina tashi ya yi magana.

Abin da ya fi cin raina shi ne Baffa bai rage mini komai ba. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ni da farkon damina, gonata ya fara yi wa huɗa kafin tasa. Shi ya raɗa wa 'ya'yana suna. Da ya zage ni, ko ya daina cin abinci da ni, da na ce mun yi kunnen doki. A ciwonsa na ƙarshe, wata rana da hantsi ina ba shi kunu, ya riƙe hannuna ya ce, "Ladan, har yanzu fa da sauran lokaci." Na san abin da yake nufi. Na ce, "Baffa, sha kununka kada ya huce." A raina na ce bari a gama girbi.

Bayan tafiyar Farfesa na yi kwanaki ina saƙa da warwara. In na tsaya na karanta takardar nan yadda take, na sake sa Baffa ƙarya, wannan karon ba ya nan balle ya dube ni. In na ce ba ni da lafiya, wani zai karanta. Bayan sadakar arba'in na je wurin liman na faɗa masa komai, ina jiran ya ce in ajiye ladanci. Ya ce, "Wa ya zaɓi kakansa? Mu nan duka, in aka bi salsala, wa zai fita? Laifinka na takardar ne, je ka gyara." Telan da na ji tsoron bakinsa kuwa ya fi shekara goma a ƙasa.

Na shiga mota na tafi gidan Farfesa. Na tarar da shi a baranda, na miƙa masa takardar farko, wadda na rubuta daga bakin Baffa a zaure. Duk shekarun nan tana ƙasan akwatina, na kasa ƙona ta. Ya karanta sau biyu. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

"Malam Ladan, ka san sau nawa na tsaya gaban ɗalibai na mai da mutumin nan abin dariya?"

"Laifina ne, ranka ya daɗe."

"Naka daban, nawa daban. Ina kan tebur ranar, na ga kallon da Baffanka ya yi maka. Na gani sarai. Ban tambaya ba, don amsar ta yi mini daɗi." Ya ninke takardar. "Abokin gardamar tawa ya rasu, shekara biyu ke nan. Sa hannu kawai na yi a takardar ta'aziyyar ofis."

Ya ce a taron bana wannan ta farkon zan karanta, kuma in rubuta yadda aka yi da hannuna a buga tare da ita. Shi ne wannan da kuke karantawa. Ya ce shi ma zai tashi ya faɗi nasa. Sannan ya laluɓo sandarsa.

"Amma taro sai wata mai zuwa. Matar abokin gardamar tawa tana nan cikin garin nan. Bai kamata ta ji a bakin mutane ba."

Muka tare adaidaita. A hanya ina ta tunanin da wace kalma zan fara. Aka sauke mu a ƙofar wani ƙaramin gida mai shuɗin ƙyaure. Muka tsaya, tsofaffi biyu, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya yi sallama. Farfesa ya dube ni ya ce, "Kai ne ladan, muryarka ta fi tawa fita."

Shekara talatin ina kiran salla ƙauye duka yana ji. Sallamar nan sai a ta uku ta fito. Daga ciki wata tsohuwar murya ta amsa ta ce, "Su wane ne?" Na ce, "Masu laifi ne, Hajiya, daga nesa." Ta ce mu shigo, bari ta shimfiɗa tabarma.

Allah Ka jiƙan Baffa, Ka yalwata masa makwanci, Ka saka masa da rufin asirin da ya yi wa wanda bai cancanta ba. Allah Ka jiƙan malamin nan mai i'ina da aka yi wa dariya alhali shi ke da gaskiya. Kakanmu kuwa, na yi ta tunani ban san abin da ya halatta in roƙa masa ba, na bar shi ga Wanda ya halicce shi. Abin da zan iya shaida a kai shi ne, Bamaguje ne, ya bauta wa kan gida, shi ya haifi Baffa da mahaifina, kuma ni jikansa ne.